Wat Bakwai Bayan Magariba: Sana'ar Gidan Rediyon Karkara a Amurka

A garin Mount Airy da ke jihar Karolina ta Arewa a Amurka akwai wani gidan rediyo da rana ke yi wa iyaka. Da tsakar rana yana watsa shirye-shiryensa da ƙarfin wat 10,000, ana kama shi a ƙauyukan gindin duwatsun Blue Ridge har cikin jihar Bajiniya. Rana na faɗuwa sai doka ta ce a sassauta, a koma wat 7 kacal. Da wannan ƙarfin, in ka fita bayan gari kaɗan sai ka ji shiru.

Ba mugunta aka yi masa ba. Gidan yana kan matsakaicin zango ne, lamba 740, kuma sautin wannan zango da dare yakan bugi saman sararin samaniya ya dawo ƙasa can nesa, ɗaruruwan kilomita daga inda ya tashi. Lambar 740 kuwa yarjejeniya ta riga ta ba wata babbar tasha ta birnin Toronto a Kanada fifiko a kanta da dare. Dole ƙarami ya kauce wa babba. A shekarun farko ma ba ragewa ake yi ba, kashe na'ura ake yi gaba ɗaya da magariba, kowa ya kama hanyar gida. Wato a watan Yuni aiki ya yi tsawo, a watan Disamba ya gajarce, haka ma kuɗin da ke shigowa.

Sunan gidan WPAQ. A Amurka hukuma ce ke ba kowace tasha haruffa, galibi waɗanda ke gabas da kogin Mississippi su fara da W, na yamma su fara da K. Ya fara magana ranar 2 ga Fabrairun 1948, kuma har yau yana hannun iyalin da suka gina shi, a garin da mutanensa ba su wuce 10,000 da 'yan kai ba.

Mai gidan na farko, Ralph Epperson, an haife shi a 1921 a Ararat, wani ƙauye na Bajiniya dab da kan iyakar jihohin biyu. Mahaifinsa manomin taba ne. A tsakiyar shekarun 1930, gona ɗaya ce cikin goma ke da wutar lantarki a Amurka, saboda haka rediyon da ke ƙauye mai batir ce, kuma ba kowane gida ke da ita ba. Daren Asabar maƙwabta kan taru a gidan mai akwati su saurari Grand Ole Opry, shirin kiɗan da tashar WSM ta Nashville ta fara a 1925. Sauran yara kiɗan suke ji. Shi Ralph cikin akwatin ne ya ɗauke masa hankali. Ya yi karatu a Jami'ar John Brown da ke Arkansas, ya yi aiki a cibiyar binciken sojan ruwa a Washinton lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sannan ya tattaro ya dawo gida. Kafin ya buɗe WPAQ, a gidan mahaifinsa ya harhaɗa 'yar ƙaramar na'ura, maƙwabta na zuwa da kayan kiɗansu, masu wa'azi na zuwa da littafinsu.

Ba shi kaɗai ya yi wannan tunani ba. Lokacin da yaƙi ya ƙare a 1945, tashoshin matsakaicin zango a Amurka ba su kai 1,000 ba. Zuwa 1950 sun haura 2,000. Samarin da suka koyi aikin waya da na'ura a soja sun dawo, hukumar sadarwa ta FCC ta saki lasisi, kusan kowane gari mai kasuwa da kotu ya samu tasharsa. Epperson da mahaifinsa su suka tsaya kan ginin da kansu, ya fara da wat 250, sai a 1954 ya kai 10,000. Abin da ya bambanta shi da sauran shi ne alkawarin da ya rubuta wa hukuma a takardar neman lasisi, cewa zai ba makaɗan yankinsa da kiɗansu na gado fili. Masu neman lasisi da yawa sun rubuta irin wannan magana, suka manta da ita tun tawada ba ta bushe ba. Shi ya riƙe tasa har ya rasu a 2006.

Mai karatu da ya taso yana jin Don Williams ko Jim Reeves ko Dolly Parton a rediyo da kaset ɗin direbobi ya san kiɗan kantiri. To abin da WPAQ ke sawa kakan wannan ne. Babu ganga, babu jita mai lantarki. Goge ne irin na Turawa mai tsirkiya huɗu, da banjo, da jita, da murya mai kaifi, kiɗan da manoma da ma'aikatan masaƙa ke yi a tsakar ɗaki in an ture kujeru gefe don a taka rawa. Sai ɗansa mai sauri da ake kira bulugiras, wanda Bill Monroe ya shahara da shi a shekarun 1940, sai kuma waƙoƙin coci. Gogen daga Ingila da Sikotilan da Ailan ya zo. Banjo kuwa daga wajenmu ya tafi. Bayin da aka kwashe daga Afirka ta Yamma ne suka fara yin sa a tsibiran Karebiyan da Amurka, da ƙwarya da fata da sanda, kuma masu bincike na danganta shi da akontin na mutanen Jola a Senegal da Gambiya, da sauran danginsa irin su gurmi. Wannan tarihi masu sana'ar kantiri sun daɗe ba sa faɗar sa. Lokacin da kamfanin RCA ya fara tura faya-fayan mawaƙi Charley Pride gidajen rediyo a 1966, bai haɗa da hotonsa ba, don kada masu gabatarwa su ga baƙar fata ne su ajiye faifan gefe.

Mu koma kan sana'ar. Mai gidan rediyo ba kiɗa yake sayarwa ba, lokaci yake sayarwa. Daƙiƙa 30, daƙiƙa 60, ko minti 15 sukutum. Kiɗan shi ke tara jama'a, talla ke kawo abinci. A babban birni kamfanonin ƙididdiga ne ke faɗa wa mai talla yawan masu sauraro. A ƙaramin gari babu wannan. Mai neman talla, wanda sau da yawa shi ne mai gidan da kansa, yakan bi babban titi kanti kanti: dillalin motoci, mai taki da abincin dabbobi, mai kujeru da gadaje, bankin garin, kamfanin shirya jana'iza. Hujjarsa ɗaya ce, wani ya shigo kanti ya ce a rediyo na ji. In mako biyu suka wuce ba wanda ya faɗi haka, talla ta tsaya, kuma ranar Lahadi sai sun haɗu a coci da wanda ya tsayar da ita.

Ranar Lahadi ita ce kasuwar da ba ta ci baya. Fastocin ƙananan majami'u kan sayi minti 15 ko rabin awa da kuɗin da mabiya suka tara, su zo da mawaƙansu, wani na fita wani na shiga. Tashoshi da yawa a kudancin Amurka da kuɗin masu wa'azi suka biya wutar lantarki a shekarun da talla ta yi ƙaranci.

Makaɗa fa? Nan ne abin ke da ban sha'awa. A wancan zamani yawancinsu ba a biyan su ko sisi. Tasha ta ba ka minti 15 da asuba, lokacin da manomi ke karin kumallo, ko da tsakar rana in ya dawo cin abinci. Ka yi kiɗa uku ko huɗu, ka tallata ɗan littafin waƙoƙinka, sannan ka faɗi makarantar da za ku yi wasa a daren nan da kuɗin shiga. Daga ƙofar makarantar ake samun na cefane. In kuka zagaye duk ƙauyukan da tashar ke kaiwa har mutane suka ƙoshi da ku, sai ku ɗaure kaya ku nemi wata tasha a wata jiha. Haka Lester Flatt da Earl Scruggs suka yi ta yawo daga 1948, tasha zuwa tasha, har kamfanin fulawa na Martha White ya ɗauki nauyinsu a WSM a 1953. Sun ratsa WPAQ, haka Bill Monroe, haka Mac Wiseman wanda ya ɗan zauna a can. Amma ƙashin bayan tashar ba baƙi ba ne. 'Yan gida ne, masu aikin masaƙa da gona da fasa dutse, waɗanda ke wanke hannu su zo su yi kiɗa su koma bakin aiki.

Akwai kuma kuɗin da ke fita, kuma ba ya jiran ranar da ciniki ya yi kyau. Ana biyan ƙungiyoyin da ke karɓar wa marubuta waƙa haƙƙinsu, manyansu ASCAP da BMI. Ita BMI masu gidajen rediyo ne suka kafa ta a 1939 don su huta da tsadar ASCAP, kuma da rigima ta kai ga daina sa waƙoƙin ASCAP a 1941, sai aka waiwayi marubutan kantiri da a da ake raina su. Faɗan manya ya zama alheri ga 'yan ƙauye. Wani abin mamaki a dokar Amurka shi ne, tashar da ke watsawa ta iska marubucin waƙa take biya, ba ta biyan mawaƙin da ya rera ko kamfanin faifai. Amma da zarar ta hau intanet, sai an biya su ma.

Sai wahalar ƙarfe. A matsakaicin zango, dogon turken nan da ake hangowa ba marataya ba ce, shi kansa ne eriyar. Yana tsaye a kan abin da ke raba shi da ƙasa, wuta na gudana a jikinsa, wanda ya dafa shi ana aiki zai ƙone. A ƙarƙashinsa an binne wayoyin jan ƙarfe, bisa al'ada guda 120, sun bazu ta kowace fuska. Ƙasa mai laima na taimaka wa sauti ya yi nisa, ƙasa mai dutse na shanye shi. Mount Airy kuwa a kan dutse take zaune, har tana alfahari da wata mahaƙar dutse da ake cewa babu buɗaɗɗiya mai girmanta a duniya. Ga tsawa, wadda ba ta da abin nema kamar dogon ƙarfe a kan tudu. Ga fenti da fitilun gargaɗin jiragen sama da doka ta wajabta wa dogayen turaka. Ga ɓarayin jan ƙarfe, da kan zo da dare su tone wayoyin su kai wa 'yan gwangwan. Tashar da mai ita injiniya ne, kamar Epperson, ta tsira daga rabin wannan kashe kuɗi. Wadda mai ita ɗan kasuwa ne kawai, kullum tana jiran injiniyan haya da ke zagaya tashoshi biyar ko shida.

Mai gabatarwa shi ne fuskar gidan, ko da yake ba a ganin fuskar. Yakan iso gari bai waye ba, shi kaɗai. Shi zai kunna na'ura, ya rubuta awonta a littafi, ya sa faifai, ya ɗauki waya, ya karanta talla, ya faɗi sunan tasha da garinta a kan kowace awa kamar yadda doka ta ce. Tsakanin waƙa da waƙa akwai yanayin sama, farashin shanu da taba, makarantun da aka rufe saboda dusar ƙanƙara, cigiyar kare ko saniya, da shirin nan da kusan kowace ƙaramar tasha ke da irinsa, inda mutum zai bugo ya ce yana da tsohuwar tarakta ko 'yan tsaki na sayarwa. Sai sanarwar rasuwa. A WPAQ har yau ana karanta ta, kuma tsofaffi da yawa don ita suke kunna rediyo. A nan ake gane gwani. Mutum zai iya kuskure sunan mawaƙin Nashville a yafe masa, amma in ya karkace sunan mamaci ko ya tsallake ɗaya daga cikin 'ya'yansa, waya za ta yi ta ƙara har azahar. Wanda ya taɓa kai sanarwar rasuwa gidan rediyo a Kano ko Zinder, ya koma gida ya kasa kunne ya ji ko za a faɗi sunan unguwa daidai, ya san nauyin wannan aiki.

Ba a makaranta ake koyon sa ba. Yaro ne ɗan sakandare zai riƙa raɓar gidan, ya share ɗaki, ya jera faya-fayai, wata Lahadi a bar masa allon na'ura ya riƙa shigar da masu wa'azi. In muryarsa ta zauna, a ba shi yammacin Asabar. Albashi kaɗan ne, kuma mai hazaƙa ba ya daɗewa, babbar tasha za ta ɗauke shi. Manyan kantiri da dama daga irin wannan kujera suka tashi. Waylon Jennings yana matashi ya fara a KVOW ta garin Littlefield a Texas. Willie Nelson ya yi aiki a KBOP ta Pleasanton. Jim Reeves da Najeriya ta rungume shi mai gabatarwa ne a KGRI ta Henderson kafin a san shi da waƙa. A 1960 Loretta Lynn da mijinta mota suka shiga suna bin irin waɗannan tashoshi ɗaya bayan ɗaya, suna roƙon a sa faifanta na farko. A lokacin mai gabatarwa na da ikon ya saurara, in ya yi masa, ya sa nan take. Yau a manyan tashoshi jerin waƙoƙi daga hedikwata yake zuwa.

A ganina babban abin da Epperson ya yi ba watsa kiɗan ba ne, ajiye shi ne. Tun kafin tashar ta buɗe yake naɗar makaɗa a kan faifan alminiyom mai rufin wani ƙaro, wanda allura ke sassaƙa sauti a kai ana cikin kiɗan. Irin na gidan rediyo faɗinsa inci 16 ne, kowane gefe na ɗaukar kimanin minti 15, daidai tsawon shiri ɗaya. Yawancin tashoshi sun zubar da nasu da suka tsufa, ko suka naɗi sabon shiri a kan tsohon tef don tsimi. Shi bai zubar ba. A 1999 kamfanin Rounder ya fitar da zaɓaɓɓu daga naɗe-naɗen farko, kuma tarin ya samu mazauni a ma'ajiyar Jami'ar Karolina ta Arewa da ke Chapel Hill. Da yawa daga cikin waɗanda ke kan faya-fayan nan ba su taɓa shiga ɗakin naɗar wani kamfani ba. Ba don wannan mutum mai ƙin zubar da kaya ba, da jikokinsu ma ba su san yadda hannunsu yake a kan goge ba.

Riƙon nan ya sha gwaji. A tsakiyar shekarun 1950 Elvis Presley da kiɗan samari suka kwashe kasuwa, talabijin ta kwashe dare, tashoshi suka yi ta watsar da makaɗa masu rai suna komawa faifai. Masu sana'ar a Nashville suka firgita har suka kafa ƙungiyar CMA a 1958, kuma ƙidayar da ta yi a 1961 ta samu tashoshi 81 ne kawai ke sa kantiri dukan yini. Daga baya sun haura 2,000, amma kantirin da ya dawo mai santsi ne, an sauke goge da banjo don kada 'yan birni su ce ƙauyanci. WPAQ ba ta bi ba. Shirinta na ranar Asabar, Merry-Go-Round, da aka fara a 1948, ya ci gaba da makaɗa a gaban makirufo, kuma ana lissafa shi a bayan Grand Ole Opry wajen daɗewa. Saboda akwai inda za a ji su, matasan yankin ba su daina koyo ba. Da 'yan birni masu neman kiɗan asali suka fara kwararowa a shekarun 1960 da 1970, sun tarar da abin da ransa. Sun tarar da Tommy Jarrell, wanda ya yi rayuwarsa yana tuƙa motar gyaran hanya, ya zama malamin goge da ake zuwa gidansa daga ƙasashen waje, har gwamnatin tarayya ta karrama shi a 1982. A 1972 aka fara gasar masu goge ta Mount Airy, ana yin ta duk farkon Yuni. Shi kansa Epperson jiharsa ta ba shi lambar girmamawa ta al'adun gargajiya a 1991.

Gwaji mafi tsanani daga majalisa ya zo. Dokar sadarwa ta 1996 ta cire iyakar yawan tashoshin da kamfani ɗaya zai mallaka a faɗin ƙasa, wadda a da take 40. Cikin 'yan shekaru kamfanin Clear Channel, wanda yanzu ake kira iHeartMedia, ya tara fiye da 1,200. Iyalai da yawa suka sayar. Sabon salo shi ne mutum ɗaya a wani birni ya naɗi muryarsa, kwamfuta ta rarraba wa garuruwa goma, kowane gari na zaton ɗansu ne. A Janairun 2002 jirgin ƙasa ɗauke da iskar amoniya ya kauce a Minot ta jihar Dakota ta Arewa cikin dare, 'yan sanda suka yi ta neman wanda zai yi shela a tashar wannan kamfani da aka ware don gaggawa, aka ɗauki lokaci ba a samu ba. An yi ta jayayya kan mai laifi, kamfanin ya ce jami'an ne ba su yi amfani da na'urar gargaɗinsu daidai ba. Ko ma wane ne, labarin ya zama abin da ake bugun misali da shi. Don adalci kuma, lokacin ambaliyar guguwar Helene a Satumban 2024, tashoshin wannan kamfani a Asheville ta Karolina ta Arewa sun kwana suna haɗa mutane da danginsu bayan waya da intanet sun ɗauke. Abin da ya yi aiki a can mutane ne zaune a gaban makirufo, waɗanda suka san sunan kowace hanya. A 2017 kuwa FCC ta soke dokar da ta tilasta wa tasha ajiye ɗakin watsa shiri a yankinta.

Ba zan ce gaban WPAQ babu ƙura ba. Masaƙun Mount Airy da yawa sun rufe, noman taba ya ja baya tun da gwamnati ta janye tsarin tallafinsa a 2004, kuma manyan kantunan da suka maye gurbin na 'yan gari ba a garin ake yanke shawarar tallarsu ba. Garin yanzu da baƙi yake ci, masu zuwa ganin mahaifar ɗan wasan talabijin Andy Griffith. Masu sauraro na tsufa. Wasu kamfanonin motoci masu lantarki sun cire matsakaicin zango daga rediyon motocinsu, abin da ya sa aka kai ƙudurin hana hakan majalisa a 2023. Tashar ta nemi mafita inda ta samu. Ta ƙara da ƙaramin zangon FM, ta hau intanet a 2007, kuma wanda aka gayyato ya yi kiɗan buɗe wannan sabon babi shi ne Benton Flippen, mai gogen da ya yi kiɗa a tashar tun 1948. Kelly Epperson, ɗan Ralph, shi ke riƙe da gidan.

Merry-Go-Round yanzu daga gidan sinima na Earle da ke babban titin garin ake watsa shi, a gaban 'yan kallo, duk Asabar daga ƙarfe 11 na safe agogonsu. Mai son ya ji yadda jikan gurmi ke magana a hannun mutanen dutse, ya nemi tashar ta intanet da ƙarfe 4 na yamma agogon Najeriya da Nijar, ko ƙarfe 5 daga farkon Nuwamba zuwa farkon Maris, lokacin da suke mayar da agogonsu baya.